Manɗiƙi a Bakin Bahaushe: Tarken Fassarar Baka ta Littafin Sullamu a Wani Zaure na Agege

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami Bahaushen da ya ratsa makarantar ilimi bai karanta Ahalari ba, domin da shi ake fara koya wa yaro hukunce-hukuncen tsarki da salla. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mawallafinsa, Abdurrahman al-Ahalari, mutumin yankin Biskara ta ƙasar Aljeriya, yana da wani littafin a fannin manɗiƙi mai suna As-Sullamul Munauraƙ, wanda malamanmu kan taƙaita su ce Sullamu. Waƙa ce a karin rajazu mai baiti 140 da 'yan kai, ya kuma tsara ta a shekarar 941 ta Hijira (1534 Miladiyya) yana ɗan shekara 21. Har yanzu da ita ake buɗe wa ɗalibi ƙofar wannan fanni a zaurukanmu.

Tun da aiki ya kawo ni Ikorodu, na yi wata bakwai ina ratsa cunkoson Mile 12 da Ketu duk Asabar da Lahadi zuwa unguwar Hausawa ta Agege, inda wani dattijon malami ke karantar da Sullamu bayan la'asar. Ɗalibansa magidanta ne, akwai masu goro da teloli da 'yan canji. Ɗalibi kan ja baiti da Larabci, malam ya fassara kalma bayan kalma da Hausa, sannan ya yi sharhi yana leƙa Ilahul Mubham na Damanhuri (ya rasu 1778). Wannan fassara ta baka ita ce abin da maƙalar nan za ta yi wa tarke, bisa ma'auni biyu: ko ta riƙe ma'anar da masu fannin suke nufi, da kuma ko Hausa ce wadda kunnen mai harshen zai karɓa ba tare da ya kauce hanya ba. Abin da nazarin ya gano shi ne fassarar ta yi ƙarfi ƙwarai a ginin jumla, ta kuma yi rauni a keɓaɓɓun kalmomi. Kafin a zo ga wannan, ya dace a bi sawun fannin, domin kowane babi na Sullamu yana da inda ya samo asali.

2.0 Hanyar da Manɗiƙi ya Biyo

2.1 Daga Girka zuwa Bagadaza

Aristotal (384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa), wanda malaman zaure ke kira Arisɗo, shi ya fara tsara ƙa'idojin da ake gane ingantacciyar hujja da su ta duban siffarta kawai, ba tare da la'akari da abin da ake magana a kansa ba. Mabiyansa sun tara littattafansa shida na wannan fanni suka kira su Organon, wato kayan aiki. Bayansa masu falsafar Rawaƙiyya suka zurfafa a kan jumlolin sharaɗi, irin masu farawa da “idan”. A ƙarni na 3 Miladiyya kuma Furfuriyus ya rubuta 'yar gabatarwa mai suna Isagoge, wadda Larabawa suka mayar Isaguji, inda ya bayyana gamammun abubuwa biyar: jinsi da nau'i da fasali da hassa da arali.

Waɗannan littattafai sun shiga Larabci a Bagadaza tsakanin ƙarni na 8 da na 10, galibi ta hanyar Suryananci, a hannun mafassara irin su Hunainu ɗan Ishaƙ (ya rasu 873) da ɗansa Ishaƙ da Matta ɗan Yunus (ya rasu 940). A wajajen 932 aka yi wata muƙabala a gaban waziri tsakanin Matta da masanin nahawu Abu Sa'id as-Sirafi, wadda Tauhidi ya adana mana labarinta. Matta ya tsaya a kan cewa manɗiƙi ma'anoni yake aunawa, ma'anoni kuwa ɗaya suke a wurin kowace al'umma, kamar yadda lissafi yake ɗaya. Sirafi ya ce manɗiƙi nahawun Girkanci ne aka sake wa suna, kuma ba a isa ga ma'ana sai ta harshe, kowane harshe kuwa da nasa tsarin. Wannan gardama ta shafe mu kai tsaye, domin tambayar da za a yi wa fassarar zaure ke nan: me ke faruwa da manɗiƙi idan ya sake shiga wani harshe na uku?

Farabi (ya rasu 950) da Ibn Sina (ya rasu 1037) sun mayar da fannin nasu. Daga wurinsu aka gaji raba sani gida biyu, tasawwuri da tasdiƙi, wanda da shi Sullamu ta fara, Ibn Sina kuma ya faɗaɗa babin hujjojin sharaɗi nesa da inda ya same shi. Gazali (ya rasu 1111), duk da sukar da ya yi wa masu falsafa a Tahafut, ya karɓi manɗiƙi, har ya sa shi a gabatarwar Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙihu. Wasu sun ƙi, kamar Ibn Salah (ya rasu 1245) da Ibn Taimiyya (ya rasu 1328). Amma fannin ya ci gaba da yaɗuwa ta taƙaitattun littattafai irin su Jumal na Hunaji (ya rasu 1248) da Isaguji na Abhari.

Daga nan yawancin littattafan tarihin falsafa da muke koyarwa da su a jami'a sukan bi reshe ɗaya: Ibn Rushd (ya rasu 1198) a Ƙurɗuba, fassarorin Latin, sannan Bekon da sabon Organon nasa a 1620 da Dekat a 1637, har zuwa Kant da ya ce a 1787 manɗiƙi bai ƙara taku ba tun bayan Aristotal. Binciken Khaled El-Rouayheb (2010 da 2015) ya nuna cewa fannin bai tsaya ba a ƙasashen Musulmi, hasali ma ya bunƙasa a Magrib a ƙarni na 17. Wannan reshe na Magrib shi ne ya gangaro mana.

2.2 Daga Tilimsan zuwa Ƙasar Hausa

Malamai biyu 'yan Tilimsan su ne jigo a nan. Na farko Muhammad as-Sanusi (ya rasu 1490), mai Muhtasar a manɗiƙi da kuma Ummul Barahina a tauhidi, wadda ta fara da raba hukuncin hankali gida uku: wajibi da mustahili da ja'izi. Na biyu Muhammad al-Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya kuma zauna a Katsina. Magili yana da waƙar manɗiƙi mai suna Minahul Wahhab, ya kuma yi musayar baitoci da Suyuɗi (ya rasu 1505) wanda ya haramta fannin. Hujjar Magili ita ce gaskiya ba ta ɓaci don ta fito daga bakin wanda ba Musulmi ba. Abin lura, dukkansu biyun sun yi wa sarakunan wannan yanki rubutu, domin Suyuɗi ma ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙa. Ahmad Baba na Tumbutu (ya rasu 1627), wanda ya kawo labarin musayar a Nailul Ibtihaj, ya ambaci cewa shi kansa ya karanta waƙar Magili a wurin malaminsa Muhammad Bagayogo.

Mutanen ƙasar nan ba karɓa kawai suka yi ba. Muhammad al-Kashinawi ya waƙe Muhtasar na Sanusi a cikin Minahul Ƙuddusi, ya kuma yi mata sharhi. Ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar. A ƙarni na 19 kuma akwai Abdulƙadir ɗan Musɗafa, wato Ɗan Tafa (1804 zuwa 1864), jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Hadiza, wanda ya yi rubuce-rubuce a falsafa a makarantarsa ta Salame, Barth kuma ya sadu da shi a Sakkwato a 1853 ya yabi iliminsa. Saboda haka karatun da ake yi a zauren Agege ci gaban wata silsila ce da ta haura shekara 500 a ƙasar Hausa, fatake da malamai suka sauko da ita kudu a kan hanyar goro, musamman bayan layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912.

3.0 Inda Fassarar ta yi Ƙarfi

3.1 Dirka

Masu manɗiƙi suna raba jumlar hukunci, wato ƙaliyya, kashi uku: maulu'i, mahamuli, da rabiɗa mai ɗaure su. Larabci ba ya bukatar kalmar ɗauri a jumlar suna, shi ya sa Farabi ya yi dogon bayani a Kitabul Huruf cewa Girkanci da Farisanci suna da irin wannan kalma, Larabci kuwa sai da mafassara suka aro wakilin suna “huwa” ya tsaya a gurbinta. Ɗalibin Larabci yakan sha wuya kafin ya gane wannan kashi na uku, tun da ba ya jin sa a magana. A zauren Agege bayanin bai ɗauki minti biyar ba. Malam ya ce maulu'i jaki ne, mahamuli kaya ne, “ne” ɗin nan da “ce” kuwa su ne igiyar da aka ɗaure kayan da ita. Abin da nahawunmu ke kira dirka ke nan, kuma a mafi yawan jumlolin suna na Hausa a fili take.

Bugu da ƙari, gurbin dirka yana ɗauke da ma'anar da masu manɗiƙi ke bukata. A dubi waɗannan:

(1) Mutum mai tunani ne.
(2) Mutum ne mai tunani.

Jumla ta (1) ta ɗora sifa a kan mutum, ba ta hana wani ya yi tarayya da shi a cikinta ba. Jumla ta (2) ta keɓe sifar gare shi. Sharaɗin ingantaccen bayanin abu a manɗiƙi shi ne ya tattaro duk 'yan gida ya kuma hana baƙo shiga. Malam ya gwada wannan sharaɗi ta hanyar matsar da dirka kawai: in ka iya faɗin jumlar ta siga ta (2) ba ka yi ƙarya ba, to bayaninka ya hana baƙo. “Goro ɗan itace ne” gaskiya ce, “Goro ne ɗan itace” kuwa kowane ɗalibi ya ji ɓacinta nan take. Wannan dabara ba ta cikin sharhin da ke hannunsa, harshen ne ya ba shi ita.

3.2 Kowane da Duk

Sullamu tana da babi a kan bambancin hukuncin da ya hau kan taro a dunƙule da wanda ya hau kan kowane ɗaya. Kalma ɗaya ce, “kullu”, ke ɗauke da su biyun a Larabci, sai mahallin magana ya raba. Ga misalan malam:

(3) Duk 'yan dako sun ɗaga motar.
(4) Kowane ɗan dako ya ɗauki buhu.

Ta (3) tana karɓar ma'anar taron dangi, ta (4) kuwa ba ta karɓar komai sai ɗai-ɗai. In aka ce “Kowane ɗan dako ya ɗaga motar”, an yi da'awar abin da ba zai yiwu ba. Saboda haka “kowane” ita ce daidai da gamammiyar jumla ta manɗiƙi, kuma na lura malam yana riƙe da ita a wannan gurbi, ba ya musanya ta da “duk” sai ya yi tsokaci. Haka nan siffofi huɗu na jumla sun fito ba tare da tilasta wa harshe ba:

(5) Kowane goro ɗan itace ne.
(6) Wani goron fari ne.
(7) Babu goron da yake dutse.
(8) Ba kowane goro ne fari ba.

Bambancin (7) da (8), wato game korewa da kore gamewa, yana daga cikin wuraren da ɗalibai ke tuntuɓe a Larabci. A Hausa “babu … da” da “ba kowane … ba” sun raba su tun daga farkon jumla.

3.3 Idan, Da, Ashe

A babin hujjar sharaɗi malam ya yi amfani da tukunya: idan ruwa ya tafasa, ya yi zafi. To ya tafasa, ashe ya yi zafi. Ko kuwa: bai yi zafi ba, ashe bai tafasa ba. Sannan ya nuna hanyoyi biyu da ba su haifar da komai: zafin ruwa bai tabbatar da tafasa ba, rashin tafasa kuma bai kore zafi ba. Abin sha'awa a nan shi ne zaɓen “ashe” da “ke nan” a bakin sakamako. “Ashe” tana nuna sanin da bai kasance ba sai yanzu, wanda shi ne ainihin manufar fannin a wurin masu shi, wato isa ga abin da ba a sani ba ta hanyar abin da aka sani. “Saboda haka” da muke yawan rubutawa a boko ba ta raba dalilin faruwar abu da dalilin saninsa, “ashe” kuwa ta sani ce tsantsa.

Haka kuma Hausa ta keɓe “da … da” ga sharaɗin da bai auku ba. Wanda ya ce “Da ruwan ya tafasa da ya yi tururi” ya riga ya sanar da mai sauraro cewa bai yi tururin ba, bai kuma tafasa ba. Hujja sukutum ke nan a jumla guda. Da wannan siga malamai ke fassara hujjojin Ummul Barahina, waɗanda yawancinsu a kan wannan tsari aka gina su.

4.0 Inda Fassarar ta yi Rauni

4.1 Bin Kalma a Bar Ma'ana

Sanannen bayanin mutum a wannan fanni, “hayawanun naɗiƙ”, malam ya fassara shi da “dabba mai magana”, kamar yadda ya gada daga malamansa. Kashi biyun duk sun kauce. “Dabba” a Hausa ba ta haɗa da mutum, jingina ta gare shi ma zagi ne, alhali masu fannin suna nufin duk jiki mai girma mai ji mai motsi da nufinsa. “Magana” kuma furuci ce, alhali ana nufin ƙarfin tunani. Wani dattijo mai goro bai bari ta wuce ba, ya ce: “Allah gafarta malam, to bebe fa? Ga aku kuma yana magana.” Malam ya yi murmushi ya ce: “Alhaji, ka kama fannin,” ya bayyana cewa maganar zuci ake nufi. Bayanin ya gamsar. Amma mako mai zuwa da aka maimaita darasi, “dabba mai magana” ta dawo yadda take. Wannan ya nuna fassarar ta zama abin hadda mai zaman kanta, ana girmama ta kamar matanin, sai a bar gyara ga sharhi. A ganina “rayayye mai ji” a gurbin jinsin, da “mai tunani” a gurbin abin da ya raba, za su fi kusa, ko da yake wannan shawara ce da ke bukatar masana su auna.

4.2 Kalmomin Aro da Suka Riga Suka yi Gida

Matsalar da ta fi wannan girma ita ce keɓaɓɓun kalmomin fannin an bar su da Larabci, an dai yi musu kwaskwarimar furuci. Da a ce baƙi ne ga kunne da abin ya zo da sauƙi, domin ɗalibi zai san sabon abu ne ya tambaya. To amma da yawansu Hausa ta are su tun da daɗewa ta ba su wata ma'ana:

(9) Ƙiyasi: a kasuwa kintace ne, a fiƙihu auna sabon al'amari da tsoho ne, a manɗiƙi kuwa jera jumloli ne waɗanda in an sallama su dole wata ta biyo baya. Ƙiyasin fiƙihu ma wani suna gare shi a manɗiƙi, wato tamsili, kuma ba a ɗauke shi mai ba da yaƙini ba.
(10) Jinsi: a nahawun da muke koyarwa namiji da tamata ne, a nan kuwa babban rukuni ne mai tattara nau'o'i.
(11) Fasali: a Hausa tsari ne da kyan siffa, a nan kuwa sifar da ke raba nau'i da 'yan'uwansa.
(12) Haddi: Bahaushe hukuncin shari'a yake ji, a nan cikakken bayanin haƙiƙanin abu ake nufi.
(13) Illa: a Hausa lahani ce, a nan sababi.

Misali na (9) ya fi kowanne haɗari. Hujjar da aka gina fannin dominta, wadda ake nufin ta kai ga tabbas, ita ce ake kira da kalmar da ɗan canji ke amfani da ita idan bai tabbata ba. Na ji ɗalibi yana cewa abokinsa a bakin ƙofa, ai abin duk ƙiyasi ne, yana nufin zato. Ya fita da kishiyar darasin ke nan.

4.3 Wani da Ko

Akwai kuma wuraren da harshen kansa ke jan ɗalibi gefe, fassarar ba ta yi gargaɗi ba. “Wani” a Hausa tana ɗauke da inuwar ɗan'uwanta: wanda ya ce “wani goron fari ne” ana jiran ya ce “wani kuma ja”. A manɗiƙi kuwa jumlar sashe ba ta kore sauran ba, tana iya zama gaskiya ko da hukuncin ya game kowa. Wannan ya fito a babin juya jumla. Juya (5) zuwa “Wani ɗan itacen goro ne” ya zauna daidai. Amma juya “Kowane mutum mai tunani ne” zuwa “Wani mai tunanin mutum ne” ya sa ɗalibai suka fara tambayar wane ne ɗayan. “Aƙalla wani” ko “akwai … da yake” za su rage wannan ruɗani.

Haka “ko … ko” take. Masu fannin sun raba jumlar zaɓi gida uku: wadda ɓangarorinta ba sa haɗuwa ba a kuma rasa ɗaya (ko yana raye ko ya mutu), wadda ba sa haɗuwa amma ana iya rasa su duka (ko akuya ce ko tunkiya), da wadda ana iya haɗa su amma ba a rasa ɗaya (mai ciyar da iyali ko yana da sana'a ko yana da abin da ya tara). “Ko” ɗaya ce a duka ukun. Malam ya fassara sunayen da “mai hana haɗuwa” da “mai hana wofinta”. Ta farko Hausa ce garau, ta biyu kuwa sai da ya sake fassara ta. A nan Sirafi yana da gaskiya gwargwado: harshe yana ba da wani abu, yana kuma ɓoye wani.

5.0 Darasi daga Tauhidi

Ana iya cewa Hausa ce ba ta da ƙarfin ɗaukar irin waɗannan ma'anoni. Fannin tauhidi ya ƙaryata wannan. Sifofin da Sanusi ya jera ma'anoni ne na falsafa masu zurfi, amma duk an sama musu kalmomin gida: samuwa, daɗewa, wanzuwa, saɓa wa fararru, tsayuwa da kai, kaɗaitaka. “Fararre” da “daɗaɗɗe” an ƙera su ne daga “fara” da “daɗe” bisa ƙirar kalma ta Hausa, sun kuma zauna har tsohuwa a ƙauye tana iya jero su. Fulfulde ma ta yi irin wannan a karatun kabbe, har Muhammad al-Wali na Bagirmi, a ƙarshen ƙarni na 17, ya mayar da wani sharhin Fulfulde na aƙidar Sanusi zuwa Larabci a cikin Al-Manhajul Farid.

Bambancin yana ga waɗanda ake karantarwa. Tauhidi an ɗauke shi wajibi a kan kowane baligi, dole aka sauko da shi harshen jama'a. Shehu Usmanu (1754 zuwa 1817) ya yi ta raddi ga masu kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin ilmul kalami ba, shi da jama'arsa, har da Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), suka kuma koyar da aƙida a waƙoƙin Fulfulde da Hausa. Manɗiƙi kuwa Sullamu da kanta ta kawo saɓanin malamai a kan halaccinsa, ta rinjayar da cewa ya halatta ga mai kaifin basira wanda ya laƙanci Alƙur'ani da Hadisi. Wanda ya kai wannan matsayi ya riga ya ji Larabci, saboda haka ba a ga bukatar ƙera masa kalmomi ba. Hausa ta zama sandar dogarawa kawai, ana jefar da ita in an haye. Ɗaliban Agege kuwa ba haka suke ba. Yawancinsu Larabcinsu bai kai ba, da Hausar suke fahimta, da ita kuma za su koma rumfunansu. A wurinsu fassarar ita ce littafin.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun manɗiƙi daga Girka zuwa zauren Agege, ta kuma auna fassarar baka ta Sullamu. An ga cewa dirka da “kowane” da “da … da” da “ashe” sun ba malami kayan aikin da wani lokaci suka fi na matanin fitowa fili, an kuma ga cewa keɓaɓɓun kalmomi sun tsaya a tsakiyar hanya, ba su zama Hausa ba, ba su kuma tsira daga ma'anonin da Hausa ta riga ta ba su ba. Laifin ba na malamin ba ne shi kaɗai, amana ya riƙe kamar yadda ya karɓa. Mu ma da ke jami'a muna da namu kason. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa fannonin harshe da adabi hidima, amma idan muka zo fassara darussan falsafa da nazarin ma'ana mukan fara daga Ingilishi, kamar ba a taɓa furta waɗannan ma'anoni da Hausa ba.

Shawara ta farko ita ce a naɗi karatun Sullamu da Isaguji da Ummul Barahina daga bakin malamai a Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato da zangunan kudu, a rubuta, a kwatanta, domin a ga inda fassarar ta daidaita da inda kowane gari ya yi tasa. Ta biyu, duk kwamitin da zai zauna a kan kalmomin wannan fanni ya haɗa da malaman zaure, ya kuma bi tafarkin tauhidi wajen ƙira daga saiwar Hausa a duk inda kalmar aro ta riga ta ɗauki wata ma'ana. Ta uku tana ga abokan aiki masu nazarin Kanuri da Fulfulde da Yarabanci. Barno tana da Tarjumo, Fulani suna da kabbe, a nan Agege kuma akwai Markaz da Shehu Adamu al-Iluri ya kafa a Abekuta a 1952 kafin ya dawo da ita nan. Kwatanta yadda kowane harshe ya ɗauki rabiɗa da jumlar sharaɗi zai amsa tambayar Matta da Sirafi da hujjoji daga harsunanmu. Malamin da na zauna a gabansa ya manyanta, kuma daga cikin ɗalibansa babu mai rubuta fassarar, sai ɗan abin da na kwaso a littafina.